Ƙofar Da Ta Hana Ɓarawo Shiga, Kada Ta Hana Mai Gida Fita

Jawabin da kwamitin gidaje da muhalli ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Mai girma shugaban wannan taro, iyayen ƙasa da hakimai, malamanmu, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, iyayenmu mata, matasa, da sauran 'yan uwa 'yan asalin Katanga da maƙwabtanmu na Jega da Aliero da Maiyama, muna yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya.

A irin wannan taro an saba jin maganar makaranta da asibiti da hanya da ruwan sha, kuma sun cancanci a yi ta nanata su. A bana kwamitinmu ya nemi izinin ɗauko wani abu da kowannenmu yake taɓawa da hannunsa sau da yawa a yini ba tare da ya tsaya ya dube shi ba, wato ƙofa, ko gambu kamar yadda muke faɗi a gida. A ranar gobara abu biyu ake bukata daga ƙofa: ta rufu sosai ta tare wuta da hayaƙi, ta kuma buɗu cikin sauƙi mutum ya fita da iyalinsa. Galibin ƙofofin da ake sa wa gidaje a yau, a birni da ƙauye, an ƙera su ne da tunanin ɓarawo kaɗai, saboda haka ba su iya yin ko ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu.

Gidan Jiya Da Gidan Yau

Dattawan da ke wannan zaure sun san irin gidan da akasarinmu muka tashi a ciki: zaure a gaba, shigifa da kudandan na laka, rufin azara ko na ciyawa, darnin kara, ga rumbu a tsakar gida. Gobara ba baƙuwa ba ce a wancan zamani. Da zarar an kare kaka, kara da harawa sun cika gari, iskar hunturu ta taso, tartsatsi guda daga murhu ko kaskon jin ɗumi ya isa ya lashe rabin unguwa. An yi asarar hatsi da dabbobi da sutura, wani lokaci har da rai. To amma gidan yana da wata rahama da ba a lura da ita ba sai da aka rabu da shi. Kowane ɗaki yana buɗewa ne zuwa filin tsakar gida, hayaƙi ya tashi sama ya tafi abinsa. Ƙofar ɗaki tufaniya ce ko gambun katako wanda duka ɗaya ke ɓalle shi. Katangar gida gajeruwa ce, maƙwabci na jin kururuwa zai tsallako da tulu a hannu.

Gidan yau kuwa, wanda da yawa daga cikinmu muke haya a birane ko muke turo kuɗi a gina mana a nan gida, tsarinsa dabam ne. An haɗa falo da ɗakunan kwana da kicin a ƙarƙashin rufi ɗaya, duk ɗakunan suna buɗewa cikin lungu guda, hanyar fita ɗaya ce ko biyu. A bakin kowace hanya akwai ƙofar ƙarfe mai sakata sama da ƙasa, wani lokaci da ƙarin ƙyauren sanduna da kwado. Kowace taga an dasa mata ƙarafa a cikin siminti. Daga ciki kuma ga katifun soso, ga kujerun kushin, ga labule da kafet, ga silin na roba a sama. A kicin akwai tukunyar gas, a ƙarƙashin matakala akwai jarkar fetur ta janareta, a wani lungu an jera batiran sola. Da dare kuma sai a shigo da babur, tankinsa cike da mai, a jingine shi a bakin ƙofar da kowa zai bi ya fita.

Ba mu zo nan don mu zargi wanda ya sa ƙarfe a gidansa ba. Babu wanda zai ba mutumin arewa maso yamma labarin matsalar tsaro a shekarun nan, kuma haƙƙi ne a kan magidanci ya kare iyalinsa. Abin da muke cewa shi ne ana iya tsare gida daga na waje ba tare da an mayar da shi kurkuku ga na ciki ba.

Hayaƙi Ne Ke Fara Kisa

Masana harkar kashe gobara sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su tun kafin harshen wuta ya iso inda suke. Idan soso da roba suna ci, sukan fitar da baƙin hayaƙi mai guba wanda shaƙa kaɗan ke sa mutum jiri, ƙafafunsa su mutu, ya kasa gane gabas da yamma a cikin ɗakin da ya shekara 20 yana kwana. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya ma farkawa. Masu bincike a Amurka sun nuna cewa a ɗakin da aka cika da kayan zamani, lokacin da mutum ke da shi na tsira bai wuce kimanin minti 3 ba, alhali a zamanin kayan katako da auduga yakan kai kimanin minti 17.

Sai kowannenmu ya auna gidansa da wannan ma'auni. Ƙarfe biyun dare ne, babu wutar lantarki, hayaƙi ya cika lungu. A cikin minti 3 za a ta da yara, a ɗauki jariri, a kama hannun tsohuwa, a lalubo mabuɗi, a buɗe kwado nawa? Motar 'yan kwana-kwana, ko a tsakiyar Kano ko Abuja take, ba za ta iso cikin wannan lokaci ba, balle a garin da sai ta yi tafiya kafin ta zo. A mintunan nan na farko babu mai ceton iyali sai Allah, sai kuma irin ƙofar da mai gida ya sa da yadda ya kula da ita.

Abin Da Ya Faru A Wasu Wurare

A watan Maris na 2001 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan 'yan mata na wata makarantar sakandaren gwamnati a Gindiri, Jihar Filato. Ɗalibai aƙalla 23 suka rasu. An kulle ƙofar ɗakin, tagogi kuma duk ƙarfe ne. Waɗanda suka kulle sun yi ne da niyyar tsare yaran, sai makullin ya zama sanadin ajalinsu. A watan Nuwamba na 2015 irin haka ta auku a makarantar 'yan mata ta Jogana a Jihar Kano, inda ɗalibai 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata wajen turereniyar fita. A watan Fabrairu na 2025 kuma, a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara maƙwabciyarmu, gobarar dare ta hallaka almajirai 17 a makwancinsu. Duk inda aka tara mutane da yawa suna barci, hanyar fita ita ce abin da ya kamata a fara tambaya.

Waɗannan misalai sun shafi ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Akwai kuma ƙofar da ta ƙi rufuwa, kuma a nan ne muke so 'yan uwanmu mazauna benaye a birane da ƙasashen waje su saurara da kyau. A ranar 9 ga Janairu 2022 wata na'urar ɗumama ɗaki ta kama da wuta a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York. Mutanen gidan da wutar ta tashi sun gudu sun tsira, amma ƙofarsu, wadda aka tsara ta riƙa rufe kanta, ta tsaya a buɗe. Wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma a buɗe take. Wutar kanta ba ta yi nisa ba, hayaƙin ne ya bi matakala ya cika ginin kamar bututu. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma ne, 'yan asalin Gambiya, kuma dukkansu hayaƙi ne ya kashe su.

Kafin wannan, a ranar 14 ga Yuni 2017, benen Grenfell mai hawa 24 a birnin Landan ya ƙone, mutum 72 suka rasa rayukansu. Wutar ta fara ne daga wani firiji a hawa na 4. Babban abin da ya yaɗa ta shi ne rufin ado da aka manna a jikin ginin daga waje, amma kwamitin binciken da ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a 2024 ya nuna cewa na'urorin mayar da ƙofa na gidaje da yawa sun lalace ko ma an cire su, abin da ya ba hayaƙi damar cika hanyar da mutane za su bi su sauka. An kuma gwada wata ƙofa daga ginin, wadda aka ce za ta jure wuta na minti 30, sai ta gaza a wajen minti 15. Sakamakon wannan ne daga watan Janairu na 2023 doka a Ingila ta wajabta wa masu kula da benayen da tsawonsu ya haura mita 11 su riƙa duba ƙofofin gobara na matakala da baranda duk wata 3, su kuma duba ƙofofin shiga gidajen 'yan haya sau ɗaya a shekara. Abin lura a nan shi ne a gine-ginen nan biyu an sa ƙofofin tun farko. Kulawa ce aka rasa.

Mece Ce Ƙofar Tare Gobara?

Ƙofar tare gobara ita ce wadda aka ƙera aka kuma gwada ta don ta riƙe wuta da hayaƙi na wani ƙayyadadden lokaci, galibi minti 30 ko minti 60. Ta katako mai jure minti 30 kaurinta yakan kai milimita 44, cikinta a cushe yake babu rami. A gefenta ko a jikin firam ɗinta akwai wani siririn zare wanda idan ya ji zafi yake kumbura ya toshe tsagar da ke tsakanin ƙyaure da firam. Tana rataye a kan hinji aƙalla 3, sannan a samanta akwai hannun ƙarfe da ke mayar da ita ta rufe da kanta bayan an wuce. Ƙyaure da firam da hinji da makulli duk tare suke aiki, idan ɗaya ya lalace sauran sun tashi a banza.

Ya kamata mu gyara wata fahimta da ta yaɗu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda ƙarfe ba ya ci da wuta, to ƙofar da mai walda ya haɗa ta wadatar. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, har ya kai hannu ba ya iya taɓa shi, kuma idan ya yi zafi yakan buɗe ya lanƙwashe ya cije a cikin firam. Ta haka ƙofar da ke buɗuwa lafiya kullum za ta iya ƙin motsi a daren da aka fi bukatarta, maƙwabta na waje da gatari da guduma sun kasa karya ta. Ita kuma ƙofar falanki mai rami a ciki, wadda ake sa wa ɗakunan kwana saboda araha, ba ta daɗewa wuta ke huda ta. Duk da haka ko ita, idan a rufe take, ta fi buɗaɗɗiya nesa ba kusa ba, domin tana rage iskar da wuta ke ci da ita, tana kuma jinkirta hayaƙi. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a rufe ƙofar kicin da ta falo da ta ɗakunan kwana kafin a kwanta.

Kulawa Da Ƙofa

Yanayin ƙasarmu yana cin ƙofa. Da damina katako yakan kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa. Da hunturu ƙura takan cika makulli, katako ya bushe ya tsage. Muna ba da shawarar kowane magidanci ya ware rana biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen damina kafin hunturu ya kama, ɗaya kuma gab da faɗuwar ruwa, ya zaga ƙofofin gidansa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe kowace ya saki, ya ga ko tana rufuwa har harshen makulli ya shiga. Ya duba hinji ko kusa ta fita, ko ƙyauren ya sauka yana jan ƙasa. Ya duba tsagar gefe da ta sama, kada ta wuce milimita 3 zuwa 4, wato kimanin kaurin katin banki 4 ko 5 a haɗe. Ya ɗiga wa sakata da kwado mai, wanda ya ci tsatsa kuma a canza shi nan take. Sannan ya ba ƙaramin yaro ko dattijuwar gidan mabuɗi su gwada buɗewa, domin ƙofar da sai ƙato ya sa kafaɗa take buɗuwa ba hanyar tsira ba ce.

A gidajen bene kuma, kada a tokare ƙofar matakala da dutse ko bulo don shan iska, kada a cire hannun da ke mayar da ita don wai tana buga ƙara, kada a shafe zaren gefenta da fenti, kada kuma a huda ta don wuce waya.

Shawarwarin Kwamiti

Na farko, ga 'yan uwa masu haya a birane. Kafin a biya kuɗin gida a tambayi hanyar fita kamar yadda ake tambayar ruwa da wuta. Idan bene ne, matakala nawa gare shi? Wa ke riƙe mabuɗin babbar ƙofa da dare, kuma ina yake kwana? Idan an tare matakala da janareta da jarkoki da tsofaffin kaya, a haɗa kai da sauran 'yan haya a yi wa mai gida magana a rubuce.

Na biyu, ga masu gini a gida. Tun 2006 Nijeriya ke da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa wanda ya yi tanadin hanyoyin fita, amma kowa ya san ba mai zuwa da kundi ya duba ginin da ake yi a garuruwa irin namu. Saboda haka mai kuɗin ginin shi ne mai dubawa. A tabbatar kowane gida yana da hanyar fita biyu a ɓangarori dabam-dabam. A kowane ɗakin kwana a sa mai walda ya yi wa ƙarfen taga ɗaya hinji da sakatar da ake zarewa daga ciki, yadda hannun na waje ba zai kai gare ta ba. A ƙofar fita a sa irin makullin da ake murɗawa da hannu daga ciki ba sai da mabuɗi ba. A sa ƙyaure mai kauri tsakanin kicin da sauran gida, a kuma gina wa janareta da fetur da tukunyar gas wurinsu a waje. 

Na uku, ga masu gidajen haya na ɗalibai. Tun da aka kafa jami'a a Aliero a 2006, 'yan uwa da dama sun gina ɗakunan haya a wannan yanki, kuma abin alheri ne. Amma ginin da ya tara ɗalibai masu yawa, kowa da rishonsa ko ƙaramar tukunyar gas da hita, ga ƙofa ɗaya tak da ake garƙamewa da dare, amana ce mai nauyi a wuyan mai shi. Haka abin yake ga makarantun allo da na kwana da ke ƙarƙashin kulawar wasu daga cikinmu.

Na huɗu, ga iyaye maza da mata baki ɗaya. A daina kulle iyali ko yara daga waje da kwado don an tafi kasuwa ko biki ko gona. A ajiye mabuɗi a wuri ɗaya sananne kusa da ƙofa, ƙasa-ƙasa, inda uwargida da amarya da yara da 'yan aiki duk suka sani, kuma za su iya lalubowa a cikin duhu. A fitar da babur daga bakin ƙofa. A kashe garwashin kasko da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa kafin barci, a kuma cire hita da dutsen guga daga soket idan an ɗauke wuta. A koya wa yara cewa idan hayaƙi ya cika ɗaki a rarrafe ake fita, domin iska mai kyau tana ƙasa. A taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, idan da zafi a bar ta a rufe, a toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen zane a nufi taga. Wanda ya fita ya ja ƙofa a bayansa, kada kuma ya koma don kuɗi ko takardu. A ajiye lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta hukumar kashe gobara mafi kusa a wayar kowa. Wanda ke da hali ya sayi ƙararrawar hayaƙi mai aiki da batir ya maƙala a silin lungun ɗakunan kwana, ita ce ke ta da mai barci tun da sauran lokaci.

Na biyar, ga ita kanta ƙungiya. Muna roƙon wannan taro ya amince a kira masu walda da kafintoci da magina na Katanga da kewaye a zauna da su, a gayyato jami'an hukumar kashe gobara ta jiha su nuna musu yadda ake yin taga mai buɗuwa da ƙofa mai sakatar ciki. Idan masu sana'a suka iya, kowane sabon gida zai samu ba sai an yi wa mai shi wa'azi ba. Muna kuma roƙon a ware wani abu daga gudummawar bana don gyara ƙofofin makwancin almajirai da ɗalibai a garinmu kafin hunturu, sannan kowane reshe ya kawo rahoton abin da membobinsa suka gyara a taron baɗi.

Kammalawa

Jama'a, idan musiba ta auku mukan ce ƙaddara ce, kuma haka ne. Sai dai malamanmu sun sha karantar da mu cewa ɗaukar mataki ba ya kore dogaro ga Allah, Hausawa kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Kasuwa idan ta ƙone, kamar yadda aka gani a Sabon Garin Kano a 2016 da babbar kasuwar Sakkwato a 2021, ana sake gina ta, a hankali a mayar da jari. Ɗa ko mata ko mahaifiya kuwa ba su da madadi. Muna roƙon kowane magidanci da ke wannan zaure, da wanda zai karanta wannan jawabi a mujallar ƙungiya, daren da ya koma gida ya kashe fitila, ya tara iyalinsa, ya duba agogo, ya ga minti nawa zai ɗauke su daga gado zuwa waje. Abin da ya gani shi zai gaya masa gyaran da ke gabansa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ɗaukaka garinmu da jiharmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.